Daga kasuwar Baleyara zuwa mahautar Yamai

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga labarin hanyar da sa yake bi in ya bar hannunku.

Baleyara tana cikin Dallol Boso, wajen kilomita 100 daga Yamai, bisa hanyar Filinge. Kasuwarta ran Lahadi take ci. Tun Asabar da marece muka tarar garke yana shigowa, ƙura ta tashi. Ga Fulani, ga Buzaye, ga Zabarmawa, ga Hausawa fatake. Akwai shanun Azawak masu gajeren ƙaho da nono mai yawa. Akwai jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho.

Mai bisa ba shi yin ciniki da kansa. Dillali ne yake tsakani. Shi ne mai masauki, shi ne shaida cewa bisar ba ta sata ba ce. In ciniki ya faɗa, a ba shi la'ada, a biya harajin kasuwa, a karɓi takarda. Kada ka bar kasuwa ba ka ji da kunnenka kuɗin da mai saye ya biya ba.

A da, da ƙafa ake kora shanu, sati da sati, har Najeriya. Kafin su isa sun rame. Yanzu manyan motoci ke ɗaukarsu. Waɗansu su nufi kudu, waɗansu su sauka Turaku, kasuwar bisashe ta Yamai.

Mun bi su har babbar mahautar Yamai, wadda aka gina a 1967 kusa da bakin kogi. Nan aiki ya bambanta da na ƙauye. Da dare ake yanka. Likitan dabbobi yana duba huhu da hanta. Naman da ke da lafiya a buga masa hatimi. Wanda aka ga tarin fuka ko tsutsa a jikinsa a hana sayar da shi. Akwai ɗakin sanyi, inda nama ke kwana bai lalace ba. A ƙauye kuwa abin da aka yanka da safe sai a sayar kafin dare, ko a yi kilishi.

Amma ga abin dubawa. Mafi yawan shanun da muke fitarwa waje, da ransu suke tafiya. Ribar nama da fata da ƙashi tana can inda aka yanka su. Kuma farashinmu yana rataye ga maƙwabta. Da naira ta faɗi a 2016, kuɗin shanu ya karye a kasuwanninmu. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, fatake sun sha wuya, makiyaya ma haka.

Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Masu jiran farashi ya hau sun ga shanunsu sun mutu, ko sun sayar da saniya a kuɗin da bai kai buhun hatsi ba.

Saboda haka, ɗan uwa, sayar da tsohon sa da kaka, yana da ƙiba, hatsi kuma yana da araha. Kada ka jira bazara. Ka kai garkenka rigakafi kowace shekara. Mai kiwon turka ya tanadi harawa da dussa tun da wuri. Bisa mai lafiya da nama ita mahauci yake nema, ita ce kuma ba a taya ta da wulaƙanci.