Saurayi da Tsintsiya a Garwa

Kowace shekara idan an gama girbin dawa, samari sukan bar ƙauyukan arewacin Kamaru su nufi Garwa. Waɗansu aikin auduga yakan kawo su, gama a nan ne babban ofishin SODECOTON yake, kamfanin da aka kafa a 1974. Waɗansu makaranta, waɗansu kuwa koyon sana'a. Iyaye sukan ɗora musu hannu su yi addu'a, su gargaɗe su a kan giya da mugayen abokai. Amma da wuya a ga uban da ya zaunar da ɗansa ya nuna masa yadda ake wanke riga.

Haka wani saurayi ɗan shekara 19 ya sauka Garwa a watan Nuwamba na 2011, daga wani ƙauye kusa da Gidar. Koyon gyaran babur ya kawo shi. A gida yana da uwa da 'yan'uwa mata uku, saboda haka tun da aka haife shi bai taɓa sanin inda tufafinsa suke zuwa idan sun yi dauɗa ba. Yakan tuɓe ya ajiye, washegari ya tarar da su a naɗe. Ba rago ba ne. Yakan yi noma tun hantsi har la'asar, ya san shanun huɗa kamar yunwar cikinsa. Tsintsiya ce kawai bai taɓa riƙewa ba.

Kawunsa ya kama masa ɗaki a unguwar Yelwa. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano, daɓen siminti, taga ɗaya ƙarama. Gidan yana da ɗakuna takwas na haya, da famfo ɗaya, da makewayi ɗaya. Kayan saurayin ba su da yawa: katifa, da tabarma, da tukunya biyu, da bokiti, da akwatin ƙarfe, da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Ya ce a ransa, ɗaki ƙarami haka, me zai ɓata shi?

Hunturu ya ba shi amsa. Wanda ya zauna a Garwa a Disamba da Janairu ya san ƙurar nan da take shiga ko an rufe ƙofa, ta kwanta a kan kwano da matashin kai da ruwan sha. Saurayin yakan komo daga gareji da almuru a gajiye, ya dafa abin da ya samu, ya tura tukunya ƙarƙashin teburi da sauran tuwo a ciki, ya ce sai gobe. Gobe ta yi ta zama jibi. Kyankyasai suka fara zuwa, sa'an nan kiyashi, sa'an nan ɓera. Ɓeran nan ya ci gefen littafin waƙoƙinsa har ya kai ga waƙoƙin Kirsimati.

Wannan duka bai dame shi sosai ba, gama ba mai shiga ɗakin. Abin da ya karya masa zuciya farar riga ce. Uwarsa ta sayar da akuya ta ɗinka masa ita domin ranar baftismarsa, yana kuwa sa ta ran Lahadi kaɗai. Wata Asabar ya tara dukan kayansa ya zuba a baho ɗaya: kayan aikin gareji masu baƙin mai, da wata sabuwar jar riga, da farar rigar. Ya zuba omo da yawa, ya bar su su kwana, wai domin dauɗa ta fita sarai. Da gari ya waye, farar riga ta koma wani launi da ba shi da suna. Wani abokin aikinsa ya ce ruwan jabel yana mai da kowane abu fari. Ya sayo kwalba, ya tsiyaya a kan rigar kai tsaye ba tare da ya sirka da ruwa ba. Inda jabel ɗin ya taru, yadin ya ruɓe, ya huje a ƙirji wuri biyu.

Daga ranar nan ya daina zuwa sujada. Lahadi biyar a jere kujerarsa a ajin masu shirin baftisma tana nan wofi. Da aka tambayi kawunsa, sai ya ce watakila aiki ne ya yi masa yawa. Waɗansu suka fara cewa birni ya cinye yaron, kamar yadda ya cinye waɗansu. Mutane suna da saurin zaton babban zunubi. Ba wanda ya yi tunanin kunya ce kawai, da riga mai huji biyu.

A ɗakin ƙarshe na gidan akwai wata tsohuwa gwauruwa, mutuniyar wajen Mubi, wadda ta daɗe a Garwa har Fillancinta ya yi daidai da Hausarta. Marigayi mijinta ya yi shekaru yana wanki da guga a gidan waɗansu 'yan mishan, ita ma ta koya a hannunsa. Tana cikin zumuntar mata, kowa yana ce mata Mama. Ita ce ta lura cewa ran Lahadi ƙofar saurayin a rufe take, takalmansa kuwa suna waje. Ta komo daga majami'a, ta yi sallama, ba ta jira ya gama neman dalilin hana ta ba, ta ɗaga labule.

Ta daɗe tana duban ɗakin ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce, "Ɗana, lafiyarka?"

Ya ce, "Lafiya lau, Mama." Ya yi shiru, sa'an nan ya ƙara, "Na yi shawara zan aika gida a nema mini mata. Zaman gwauro ba zai yiwu ba."

Ta ce, "Mata kake so, ko mai wanki? Idan mai wanki ne, akwai su a bakin Binuwai, ka biya su su yi maka. 'Yar mutane kuwa ba za ka kawo ta nan domin ta zama tsintsiya ba. Nawa maigidanka yake ba ka a mako?"

Ya faɗa mata. Ta ce, "Wannan ba zai ci da ku biyu ba, ba zai kuma biya mai wanki ba. Tashi ka fitar da katifar nan rana."

Ya ce wannan aikin mata ne, samarin gidan za su yi masa dariya. Mama ba mai yawan wa'azi ba ce. Ta tambaye shi kawai ko a ajin baftisma sun kai Yohanna sura 13, wa ya ɗauki daro da tawul a daren nan, ko wata mace aka kira daga waje? Bai amsa ba. Ya sunkuya ya kama katifa.

Ba ta taɓa ko tsinke a ɗakin ba. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa tana faɗa, shi yana yi. Daga sama ake farawa, in ji ta: yanar gizo a kusurwoyi, da kan taga, da kan akwati, sa'an nan ƙasa, domin abin da ya faɗo a share shi sau ɗaya. Kafin shara a yayyafa ruwa da hannu, in ba haka ba ƙurar tashi za ta yi ta jira ka gama ta sāke kwanciya. A fara daga lungu a nufo ƙofa. A ja akwati a share bayansa, gama nan kunama take son zama. Bayan shara a bi daɓen da jiƙaƙƙen tsumma. Tukunya ba ta kwana da abinci. Idan ba sabulu, toka da soso sun isa su fitar da maiƙo da baƙin hayaƙi. Gari da shinkafa a sa su a abin da yake da murfi. Ɗaki ƙarami, in ji ta, ya fi babba saurin lalacewa, domin kicin da wurin kwana da wurin ajiya duk tabarma ɗaya ce ta raba su. Amma ya fi saurin gyaruwa. Idan ana yi kowace safiya, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama.

A kan ruwan sha ta fi tsanantawa. A 2010 cutar amai da gudawa ta kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Kamaru, ita ma ta yi jana'izar waɗanda ta sani. Ta sa ya sayi randa mai murfi da moɗa ɗaya wadda ba a sha da ita, ɗiba kawai ake yi. Bokitin wanka dabam, na ruwan girki dabam. Ta nuna masa amfanin jabel na gaskiya: ɗan kaɗan a cikin bokiti cike da ruwa, a wanke makewayi da shi. Ta ja masa kunne kada ya kuskura ya haɗa shi da wani maganin wanke masai, gama iskar da take tashi tana ƙona ƙirji. A nan ne ya gane cewa gidan yana da layin wanke makewayi, kowane ɗaki da ranarsa, kuma wata uku ke nan Mama take yin ranarsa a ɓoye domin kada Alhaji mai gidan ya kore shi. Wannan ya fi hujin riga ba shi kunya.

Wanki ya ci Asabar uku kafin ya iya. Kashi uku ake yi: farare, da masu launi, da kayan aiki. Sabon yadi mai launi a wanke shi shi kaɗai har ya daina zuba. Farare a jiƙa su kamar rabin sa'a, a bi wuya da hammata da bakin hannu da sabulu, a cuɗa, a ɗauraye har ruwan ya fito garau, sa'an nan a tsoma a ruwan bula kaɗan. Omo mai yawa ba ya ƙara tsabta, ɗauraya yake ƙarawa, ga shi kuwa a bazara famfon gidan yakan yi kwana ba digo. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kada a zubar, da shi za a goge ɗaki. Kayan gareji kuwa a diga ɗan kananzir a kan baƙin man, a murza, sa'an nan a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a waje, nesa da murhu. Masu launi a juya cikinsu waje kafin a shanya, domin ranar Garwa a Maris da Afrilu, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40, tana cin launi kamar yadda gara take cin itace. Gidan sauro mai magani shi kaɗai ne ba ya son rana: a wanke shi a hankali da sabulu, a shanya a inuwar darbejiya.

Abu ɗaya ya ƙi ji. Mama ta ce kome sai an shanya a igiya, kome kuma sai an goge, har singileti da ɗan kamfai. Ya ga wannan fitina ce ta gidan Turawa. Wa zai ga guga a rigar ciki? Gawayi ma kuɗi ne. Da damina ta yi ƙarfi a watan Yuli, igiyar gidan ta cika da kayan masu yara, sai ya shimfiɗa nasa a ƙasa bayan ɗaki, a inuwa. Bayan 'yan kwanaki wani abu kamar maruru ya fito masa a baya, guda uku, suna zafi suna motsi da dare. Mama ta duba ta ce tsutsa ce. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a ƙasa da kan jiƙaƙƙen tufafi. Idan an sa rigar, tsutsar takan shiga fata ta yi girma a ciki. Faransawa suna kiranta da sunan Kayor, wata ƙasa a Senegal. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan, dalilin gugar ke nan. Ta shafa masa basilin mai kauri a bakin kowane ƙurji domin ta toshe wa tsutsar numfashi, bayan wani lokaci ta matse, suka fito ɗaya ɗaya, farare. Ta aike shi asibiti a wanke wurin. A kan hanyar komowa ya biya kasuwa ya sayi dutsen guga na gawayi.

A ƙarshen Agusta da Satumba na shekarar nan ta 2012 ruwa ya yi yawa, aka saki ruwan dam ɗin Lagdo, Binuwai ya cika ya shiga gonaki da gidajen mutane da yawa. Gidansu bai rushe ba, amma kwata ta cika ta koro ruwan ƙazanta cikin tsakar gida har ɗakin Mama, wanda ya fi sauran gangara. Tana kwance da zazzaɓi a lokacin. Saurayin ya ɗauke ta zuwa ɗakinsa. Ya kwashe laka, ya wanke daɓenta da bangon da ruwan jabel, ya wanke zannuwanta ya shanya a igiya a tsakiyar gida, samarin da yake jin kunyarsu suna kallo. Ɗaya ya yi dariya. Ɗaya kuwa ya zo da dare ya tambaye shi yadda ake fitar da jan ƙasa daga farin wando.

An yi masa baftisma ran Kirsimati na 2012. Uwarsa ta zo daga ƙauye da kaza da garin dawa. Ta shiga ɗakin, ta duba kusurwoyi, ta buɗe randa, ta shafa yatsa a kan akwati, sa'an nan ta tambayi kawunsa a hankali ko yaron ya ajiye mace ne ba su sani ba. Kawun ya ce ta tambaye shi da kanta. Saurayin yana tsugune a tsakar gida yana hura gawayi a dutsen guga. Farar rigar ce a kan tabarma, wadda ta saya da kuɗin akuya. Mama ta dawo da ita kusan fara da jiƙo da rana da bula, ta kuma ɗora aljihu biyu a ƙirji, daidai inda ya huje.

Uwar ta miƙa hannu ta ce, "Kawo in goge maka."

Ya ce, "Zauna ki huta, Inna. Ba ni kallabinki ma, ya yamutse a mota."