Ina Yaran Filin Makaranta Suka Shiga?

Ku gyara zama, jama'a. Tunda Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, ya taɓo sunan Ismaila Mabo, ba zan bar maganar ta wuce haka nan ba. Yaran yanzu, in ma sun san sunan, a matsayin tsohon kocin 'yan mata suka san shi. Manyanmu na Jos kuwa, da ka ambace shi, ɗan makaranta suke tunawa, ɗan baya, wanda ya sa rigar Najeriya tun bai ajiye littafi ba.

A wancan zamani akwai tawagar da ake kira Academicals. 'Yan sakandare ne zalla, a tsamo su daga makarantu, a tace, a haɗa su da takwarorinsu na Ghana. Kun kuwa san yadda Ghana take a lokacin, ita ce ta ɗauki kofin Afirka a 1963, ta sake ɗauka a 1965, manyanmu ma tsoron Accra suke yi. To a tsakiyar shekarun 1960 ɗin nan ne yaran makaranta suka je har gida suka doke Ghana, kuma a cikinsu akwai 'yan Jos: Mabo, da Sam Garba Okoye, da Tony Igwe, da Peter Anieke. Ba kuɗi aka zuba musu ba. Fili ne a bayan aji, da malamin wasanni mai usur a wuya, da ƙararrawar yamma wadda in ta kaɗa kowa sai ya fito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hanya ta rabu da su daga baya. Sam Garba, wanda duk wanda ya ga wasansa ke cewa ba a yi kamarsa ba wajen yanka, ya je gasar Olamfik ta Meziko a 1968, inda Najeriya ta yi canjaras da Brazil uku da uku. Ya dawo ya buga wa Mighty Jets, ƙungiyar da ta fara ɗaukar kofin lig na ƙasa a 1972. A shekarar ce kuma ya zura ƙwallo biyu a mintunan ƙarshe ya farke wa Jets a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Bendel Insurance, har sai da aka sake wasan a Ibadan, aka ci su uku da biyu. A 1978 haɗarin mota ya ɗauke shi da ƙuruciyarsa. Allah Ya ji ƙan maza.

Mabo kuwa Allah Ya ba shi tsawon rai, ya kuma yi aiki da shi. Ya karɓi tawagar mata a lokacin da mutane da yawa, har a cikinmu nan, ke ganin ƙwallon mata abin raha ne. Ya ci kofin Afirka da su a 1998, ya kai su Amurka gasar duniya ta 1999. Malam, kai ma na san ka kalli wasan nan da Brazil. An tafi hutun rabin lokaci ana cin mu uku da nema, wasu har sun kashe talabijin. Aka dawo 'yan matan nan suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci Sissi ta Brazil ta buga firikik ta raba gardama. Har yau tawagar matanmu ba ta sake kai wannan matakin na kwata fainal a gasar duniya ba. Ni a ganina, mutumin da ya iya kwantar wa 'yan wasa hankali ana cin su uku, ba a kwas ɗin koci kaɗai ya koyi hakan ba. Ya taɓa zama yaro a gaban taron Accra, wani malami ya dafa kafaɗarsa ya ce ya shiga. Ya rasu a Jos a watan Maris na 2023.

Mu gangara Legas, don a can ne abin ya fi ƙamari. Akwai wani limamin Katolika ɗan ƙasar Ailan, Fada Slattery, wanda ya kafa kwalejin St. Finbarr's a 1956, wadda ke Akoka. Shi kansa ya yi alƙalancin wasa, ya kuma shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a shekarun 1950. Ya ɗauki fili da muhimmanci kamar yadda ya ɗauki aji, kuma al'adar da ya dasa ta ci gaba bayan ya bar kujerar shugaban makaranta. A gasar Kofin Firinsifal ta makarantun Legas, da aka ce Finbarr's za ta yi wasa, filin cika yake yi kamar manyan ƙungiyoyi ne za su kara.

Daga wannan makaranta Henry Nwosu ya fito. Yana ɗan shekara 16 aka sa shi cikin tawagar da ta ɗauki kofin Afirka na farko a Legas a watan Maris na 1980, shi ne autansu. Daga nan Samson Siasia ya fito. Daga nan kuma Stephen Keshi ya fito, wanda, in ba ku sani ba, a Azare aka haife shi a 1962.

Bari in ɗan daɗe a kan Keshi, don labarinsa yana taɓa ni. Da hukuma ta dakatar da shi a 1985 saboda jinkirin zuwa sansani, bai zauna yana ƙorafi ba, ya tsallaka Abijan, daga can ya wuce Beljiyam, ya buga wa Lokeren da Anderlecht. Shi ya share wa na baya hanyar Turai, gidansa ya zama masaukin duk yaron da ya sauka bai san kowa ba. Shi ne kyaftin ɗin tawagar da ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994. Da ya koma koci, ya kai Togo gasar duniya ta 2006 a karon farko a tarihinta, sai aka sallame shi kafin a tafi Jamus, wani Bature ya je da yaran. Ya yi Mali, ya dawo gida. A 2013 ya ɗebi yara daga lig ɗinmu na gida, ana ta yi masa surutu, ya tafi da su Afirka ta Kudu. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe. Kafin Keshi, Mahmud El-Gohary na Masar ne kaɗai ya taɓa ɗaukar kofin nan yana ɗan wasa, ya sake ɗauka yana koci. Amma kun san washegarin nasarar ya ce ya ajiye aiki, sai da aka lallashe shi? Haka ya yi ta fama da bin bashin albashi har aka sallame shi a 2015. Matarsa ta rasu a Disambar shekarar, shi kuma ya bi ta ranar 7 ga Yuni, 2016, a birnin Benin, yana da shekara 54. Kwana uku tsakani tsohon kocin ƙasa Shu'aibu Amodu ma ya tafi. Makon nan kam ya girgiza mu.

Siasia ya kai yara wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, Messi ya ci mu da fenariti biyu. Ya kawo azurfa daga Olamfik ɗin Beijin a 2008, Nwosu na mataimaka masa, ya kawo tagulla daga Rio a 2016. Sai ga FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada a 2019 kan zargin cin hanci, kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021. Nwosu kuwa, a 2022 sai da labarin rashin lafiyarsa ya cika jaridu kafin hukumomi su kai ɗauki. Fili ɗaya suka fito, kowa da irin jarrabawar da ta same shi.

Yallaɓai yana cewa ai gwamnati ta saka musu. Ta saka wa wasu, gaskiya ne, 'yan 1980 sun samu gida a Festac da mota Peugeot daga Shehu Shagari. Amma dubi yaran 1985 da suka je Sin da koci Sebastian Brodericks, Nduka Ugbade na kyaftin, suka ci Jamus ta Yamma biyu da nema, suka ɗauko kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16. Janar Buhari ya yi musu alkawari, bayan kamar mako biyu aka yi juyin mulki. Sai da ya dawo mulki a farar hula, a farkon 2016, aka ba kowannensu naira miliyan biyu. Yaron da aka yi wa alkawari yana sakandare ya karɓa da furfura a gemu. Shekara talatin ke nan, kuma duk wanda ya san naira a 1985 ya san ba ita ce ta 2016 ba.

Waɗanda hankalina ya fi kwanciya da su su ne waɗanda malamansu ba su bari ƙwallo ta cinye karatu ba. Adokiye Amiesimaka yana cikin 'yan 1980, lauya ne, har ya riƙe muƙamin antoni-janar na Jihar Ribas. Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos ya yi St. Murumba, ya karanta injiniyanci a Ibadan, daga baya ya gina makarantar kansa a Wasimi ta Jihar Ogun inda yara ke haɗa aji da fili. Shi kam ya mayar da biki.

Kuma ku lura da abu ɗaya: kusan duk waɗanda na lissafa sun dawo sun koyar. Mabo ya koyar, Keshi ya koyar, Siasia ya koyar, Ugbade na gefen Manu Garba ɗan Gombe da suka sake ɗauko kofin duniya na matasa a 2013. Abin da malamin makaranta ya zuba musu suka riƙa juye wa na baya, kamar irin gero da ake ajiye wa damina mai zuwa. Har Hakeem Olajuwon, da ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995, gola ne kuma ɗan ƙwallon hannu a makarantar Muslim Teachers College ta Legas. Wasannin makarantu ne suka karkatar da shi zuwa ƙwallon kwando, ya tarar da sana'arsa a can.

Yanzu ku gaya mini, a makarantun kuɗin da muke kai 'ya'yanmu, nawa ne ke da filin da yaro zai yi gudun mita ɗari? Gida ne aka kama haya, aka yanka ɗakuna, tsakar gidan ko motar shugaban makaranta ba ta juyawa. Na gwamnati da ke da fili, wasu an yanka an yi shaguna, intahaus kuma ya koma bikin rana ɗaya na maci da raba kofin roba. Yaron da ke da baiwa sai ya faɗa hannun ejan, a sayar da gonar ubansa a ce za a kai shi gwaji Turai, in an yi rashin sa'a ya maƙale a wata ƙasa, ba takardar sakandare, ba ƙungiya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ga shawarata, Alhaji, tunda kai ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Kuɗin da muka tara na liyafar bana, a raba biyu. Rabi a sayi raga da ƙwallaye da takalman gudu, a share filin makarantarmu, a sake zana layuka kafin zangon karatu na gaba. Rabi kuma a kai wa malaminmu na wasanni. Yana nan da ransa, ƙafa ce ta hana shi fita, kuma fanshonsa bai taka kara ya karya ba. Malam ya san gidan. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci mu haɗu a nan, mu tafi a motata.