Kalmar "Strike" a Hannun Mai Fassarar Labarai

Tun daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, har zuwa Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, labarai da dama da Turanci suke isowa, sai mai fassara ya mayar da su Hausa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Manyan kalmomin kimiyya ba su cika kayar da shi ba, domin yakan tsaya ya duba ƙamus. Waɗanda yake ganin ya riga ya sani su ne suke yi masa ƙafar ungulu. Ɗaya daga cikinsu ita ce "strike".

Asalin ma'anar kalmar shi ne duka ko bugu, amma ɗalibin Nijeriya ya fi saninta da yajin aiki. Da ita jaridu suka ba da labarin yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, da kuma na malaman jami'o'i da ya ɗauki wata takwas a 2022. Abin lura shi ne, Bahaushe bai fassara dukan ba. Ya leƙa cikin zaman aure ne ya ɗauko yaji, wato fitar mace daga gidan miji cikin fushi har sai an je biko. Ma'aikaci ma haka yake yi, ya bar aiki har a saurari kukansa. Daga nan aka sami yajin cin abinci, irin wanda Bobby Sands ya yi a kurkukun Ireland ta Arewa a 1981, ya mutu bayan kwana 66.

To, amma kalmar ba ta tsaya nan ba. A labarin yaƙin Libiya na 2011, lokacin da jiragen ƙungiyar NATO suka yi ta ruwan bama-bamai, ma'anarta hari ta sama. Da girgizar ƙasa ta auku a Haiti a 2010, nufinta afkawa. Da aka yi amfani da ita a kan rijiyar Oloibiri a 1956, nufinta gano man fetur. Idan 'yan siyasa ne suka zauna, tana iya nufin ƙulla yarjejeniya. A filin ƙwallo kuwa, daga gare ta aka ciro sunan ɗan wasan gaba, irin Rashidi Yekini da ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya ta 1994.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne kotu. Idan alƙali ya ce "struck out", yawanci ya cire ƙarar ne daga jerin shari'u saboda wata tangarɗa ta ƙa'ida, kuma mai ƙara na iya gyarawa ya sake shigar da ita. Mai fassarar da ya ce wane ya yi nasara a shari'a ya yaudari masu sauraro, musamman a lokacin ƙararrakin zaɓe, da magoya baya ke jiran kalma ɗaya su fita kan titi.

Wannan hali ba na Turanci kaɗai ba ne. Bahaushe yana cin tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci kasuwa, a ci shi tara. Yaro ɗan firamare ba ya rikita waɗannan, domin kalmar da ke kusa da "ci" ita ke nuna masa hanya. Saboda haka, malamin da zai koyar da fassara yana da tsani a harshen ɗalibansa. Ya fara da "ci", sannan ya kawo kanun labarai biyar ko shida masu ɗauke da "strike", ya sa a amsa tambaya biyu kafin a ɗora alƙalami: wa ya aikata, kuma a kan me? Ma'aikata ne ko soja, alƙali ne ko tsawa?

Malamin da ya rubuta wa ɗalibai ma'ana ɗaya tak a allo ya ba su abin hadda, amma bai koya musu fassara ba. Wasu daga cikin yaran da ke gabansa su ne gobe za su karanta wa jama'a labarai, kuma mai sauraro a ƙauye ba shi da takardar Turancin da zai duba ya gane an yi kuskure.