Barcelona: Gidajen Gaudí a Kan Layukan Cerdà

Sunan Barcelona ta hanyar ƙwallo ya shiga kunnen yawancinmu, amma da yawa daga baƙin da ke tururuwa zuwa birnin kowace shekara gidaje suke zuwa kallo. Shi ne babban birnin yankin Kataloniya a arewa maso gabashin Sifaniya, a bakin Bahar Rum, da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi. A kan titin Passeig de Gràcia akwai gidaje biyu da mai zanen gini Antoni Gaudí ya yi wa attajirai: Casa Batlló, wanda ya sake wa fasali tsakanin 1904 da 1906, da Casa Milà da ya gina daga 1906 zuwa 1912. Hukumar UNESCO ta sa na biyun cikin kayan tarihin duniya a 1984, na farkon kuma a 2005. Kyansu ba abin musu ba ne. Sai dai a ganina, abin da ya sa Barcelona ta zama garin da zama ke da daɗi ya fi rataya a wuyan wani injiniyan hanya mai suna Ildefons Cerdà, wanda ya shata layukan da gidajen ke tsaye a kai, kuma ko gidajen Gaudí ɗin ba a fahimtarsu sosai sai an san abin da Cerdà ya shimfiɗa musu.

Sai an koma baya kaɗan. A 1714 birnin ya faɗa hannun sojojin Sarki Felipe na Biyar bayan doguwar kewaye, aka mai da shi sansanin soja, aka hana kowa gini a filin da ke bayan ganuwa iya nisan da harbin igwa zai kai. Da masaƙu masu aiki da tururi suka shigo a ƙarni na 19, ma'aikata suka cika gari, ga shi babu wurin faɗaɗawa. Masu gidaje suka riƙa ɗora bene kan bene a lunguna da rana ba ta leƙawa. Cutar shawara ta yi ɓarna a 1821, kwalara ta biyo baya a 1834 da 1854, kuma a wannan shekarar ta 1854 ne gwamnati ta yarda a fara rushe ganuwar. Cerdà, wanda aka haifa a 1815, bai fara da zane ba. Ya fara da bin gidajen ma'aikata yana auna ɗakuna, yana ƙirga masu kwana a ciki, yana lissafa abin da suke samu da abin da suke ci. Lissafinsa ya nuna cewa ɗan masu hali yana iya sa ran shekara 36 a duniya, ɗan lebura kuwa 23 kacal. Daga nan ya yanke cewa iska da hasken rana su ne abin da ya kamata a raba wa kowa daidai.

Tsarin da ya fito da shi, wanda ake kira Eixample, ya yanka filin zuwa rukunan gidaje masu kusurwa huɗu, kowane gefe mita 113, da tituna masu faɗin mita 20 a tsakaninsu, da bishiyoyi a gefe da gefe. Manyan hanyoyi irin su Gran Via da Diagonal sun kai mita 50. Ya karkata layukan suka bi bakin teku, yadda babu fuskar gidan da za ta ƙare shekara ba ta ga rana ba. Ya kuma sare kowace kusurwa, ta yadda duk inda layi biyu suka haɗu sai a sami ɗan fili mai gefe takwas. Ya yi haka ne don yana hasashen ababen hawa masu inji da za su buƙaci wurin juyawa, alhali a lokacin keken doki ne ke yawo a gari. Yau a waɗannan kwanoni ake sauke kaya, a nan masu gahawa ke jera kujeru. Amma zuciyar tsarin tana cikin rukunin. Ya so a yi gini a gefe biyu kawai a yawancinsu, kada tsawo ya wuce mita 16, a bar tsakiya ta zama lambu. Wanda ya tashi a gidan da ke da tsakar gida ya san amfanin hakan ba sai an yi masa bayani ba. Bambancin kawai shi ne Cerdà tsakar gida ɗaya ya so ga ɗaruruwan maƙwabta.

To, ina Gaudí a ciki? Gidajen nan biyu ba fadoji ba ne na iyali guda, gidajen haya ne irin na unguwar. Al'adar Eixample ita ce shaguna su kama ƙasa, mai gida ya zauna a hawa na ɗaya mai manyan tagogi, 'yan haya su hau sama, kuma kafin zuwan na'urar hawa bene, gwargwadon nisan ɗakinka da ƙasa gwargwadon sauƙin kuɗin hayarka. Josep Batlló mai masaƙa ne, haka ya zauna a nasa gidan. Pere Milà da matarsa Roser Segimon su ma haka. Matsalar irin wannan gida mai tsawo, fuska a titi baya a tsakar rukuni, ita ce duhun ɗakunan tsakiya, kuma a nan gwanintar Gaudí ta fi bayyana. A Casa Batlló ya faɗaɗa ramin da ke sauko da haske daga rufi zuwa ƙasa, ya lulluɓe bangonsa da tayil shuɗi, mai duhu a sama inda rana ke da ƙarfi, yana ƙara haske yana saukowa har ya kusa zama fari. Tagogin ma ƙanana ne a sama, manya a ƙasa, don mai zama a ƙasa ya sami hasken da na sama ke samu. A Casa Milà ya ɗora nauyin ginin a kan ginshiƙai, bangon dutsen nan mai lanƙwasa na waje ba ya ɗauke da benayen, saboda haka ana iya ture bangon ɗaki a sake rabo yadda ɗan haya ke so. Ya buɗe tsakar gida biyu, ya yi wurin ajiye keken doki da mota a ƙarƙashin ƙasa, a can sama kuma ya jera bakan gizo na bulo 270, inda ake wanki da shanya, wurin kuma yana tare zafi da sanyi. Maƙwabta sun yi wa gidan ba'a, suka ce wurin fasa dutse ne, hukumar birni ma ta ja da shi don ya wuce girman da doka ta yarda. Amma a lura da inda yake tsaye: a kan sararriyar kusurwar Passeig de Gràcia da titin Provença. Wannan doguwar fuska da ke naɗowa daga wani titi zuwa wani, Cerdà ne ya ba shi wurinta. Da Gaudí ya gwada kafa unguwa tasa ta masu kuɗi tare da attajiri Eusebi Güell a kan tudu, tsakanin 1900 da 1914, fuloti 60 aka yanka, gida biyu kawai aka gina. Wurin ne yau ake kira Park Güell, ya zama wurin shaƙatawa.

Masu sukar tsarin Cerdà ba su rasa abin faɗi ba, tun daga farko. Majalisar birni ta yi tata gasar a 1859, mai zanen gini Antoni Rovira i Trias ya ci da tsarin da tituna ke fitowa daga tsohon gari suna bazuwa, amma gwamnatin Madrid ta tilasta na Cerdà da dokar 1860. Manyan Kataloniya ba su yafe wannan ba, kuma fitaccen mai zane Josep Puig i Cadafalch ya daɗe yana sukar tsarin da cewa layuka ne iri ɗaya marasa armashi. Ƙorafin siyasar yana da tushe, domin an yi musu ƙarfa-ƙarfa. Na rashin armashi kuwa, shi kansa Puig ya rushe shi da aikinsa. A rukuni guda na Passeig de Gràcia akwai gidan da ya yi wa Antoni Amatller mai kamfanin cakulan, mai rufi hawa-hawa. Bango ɗaya da shi Casa Batlló. Ɗan gaba kaɗan Casa Lleó Morera na Lluís Domènech i Montaner. Gwanaye uku, kowa da inda ya dosa, amma titin bai rikice ba, saboda layi ɗaya suka tsaya a kai kuma tsawonsu bai yi nisa da juna ba. Da kowa ya gina inda ya ga dama, da gasar tasu ta zama hayaniya.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa abin da ke ƙasa yau ba tsarin Cerdà ba ne, don masu filaye sun ci amanarsa tun yana raye. Gaskiya ne. Sun gina gefe huɗu, sun cika tsakiya da ɗakunan ajiya da ƙananan masana'antu, dokar tsawo kuma aka yi ta sassauta ta, musamman zamanin magajin gari Porcioles, daga 1957 zuwa 1973, lokacin da aka riƙa ɗora sababbin benaye kan tsofaffi. Daidaiton da ya yi mafarki ma bai samu ba: masu kuɗi sun taru a kewayen Passeig de Gràcia, ma'aikata suka koma gefe.  Cerdà ya rasu a 1876 da bashi a kansa. Duk da haka wannan sukar masu filaye take kamawa da hukumar da ta kau da kai, ba mai zane ba. Abin da haɗama ba ta iya taɓawa ba, wato faɗin titi da sararriyar kwana da karkatar layuka zuwa rana, shi ne yake riƙe da unguwar da mutum sama da 250,000 ke zaune a cikin murabba'in kilomita bakwai da rabi, kuma mai zama a tsohon gidan haya na Eixample har yanzu yana buɗe tagar titi da ta baya iska ta ratsa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce inda birnin ke komawa duk lokacin da yake neman gyara. Tun daga 1987, da lambun Torre de les Aigües, hukuma take karɓo tsakiyar rukunan tana mai da su lambuna da wurin wasan yara, kuma an yi gommai. Daga 2016 aka fara haɗa rukunai a rage wa motoci hanya a cikinsu, aka fara da unguwar Poblenou, abin da ba zai yiwu ba in da layukan ba su da maƙwabtan da za su ɗauki zirga-zirgar. Su kuwa gidajen Gaudí sun zama wuraren da ake yankar tikiti a shiga, kuma yawan baƙin da sunansa ke janyowa yana cikin abin da ya tsauwala haya, har magajin gari Jaume Collboni ya sanar a 2024 cewa lasisin gidaje kusan 10,000 da ake bai wa 'yan yawon buɗe ido zai ƙare a 2028. Mai karatu da Allah ya kai shi Barcelona ya biya kuɗin ya ga shuɗin tayil ɗin Casa Batlló, ya cancanta. In ya fito, ya nemi ƙofar ɗaya daga lambunan da ke tsakiyar rukunan gidaje ya shiga, yawancinsu kyauta ne.