Baƙi masu zuwa taimako

 

Yau ina so mu yi magana a kan waɗansu baƙi. Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin su. Mota ta tsaya a bakin gari, Turawa su fito da manyan huluna da gorunan ruwa, yara su kewaye su. Sai a ce muku ƴan mishan ne, sun zo aikin taimako. To, su wane ne? Me ya raba su da garinsu? Mu kuma, yaya ya kamata mu karɓe su?

Mutanen nan Kiristoci ne. A ƙasashensu, kamar Amurka da Kanada da Ostareliya, akan yi shela a majami'a: wa zai tafi ƙasar da ake fama da talauci ya yi aiki don Allah? Sai waɗansu su ɗaga hannu. Akwai likita, akwai magini, akwai ɗan makaranta wanda ya samu hutu. Ba a ɗauke su aikin albashi ba. Su ne ma suke bin dangi da abokan ibada suna tara kuɗin jirgi. Wani sati 2 zai yi, wani wata 6, wani kuwa shekaru. Addininsu ne ya kawo su, ba su ɓoye ba, kuma suna son su yi wa'azinsa. Mu kuwa yawancinmu Musulmi ne. Kowa ya san inda ya tsaya. Wannan bai hana mu haɗuwa da su a bakin rijiya ko a ƙofar asibiti ba.

Zuwansu ba na yau ba ne. A 1893 samari 3 suka sauka Legas suna neman hanyar ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894, ciwo ya kashe 2 daga cikinsu. Wanda ya saura bai fasa ba, kuma ƙungiyar da suka kafa ita ce SIM. Ta iso Damagaram a 1924. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa. A 1956 ta buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. A Danja ɗin kuma aka buɗe asibitin mata masu yoyon fitsari a 2012. Wanda aka yi wa matarsa aiki a Galmi ta tashi da ɗanta a hannu, ba sai an gaya masa amfanin baƙin nan ba.

Amma ba kowane taimako ne yake zama ba. Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona.

Wata shekara, da bazara, waɗansu matasa ƴan mishan suka zo wani ƙauye kusa da namu. Da yake ni malamin yaƙi da jahilci ne, ina jin Faransanci, sai aka ce in yi musu tafinta. Yara ne masu kirki. Sun ci tuwonmu, sun sha furarmu, rana ta gasa su har fatarsu ta saɓule, ba su yi ƙorafi ba. Sun zo da ƴan itatuwa cikin leda, suka dasa kewaye da makaranta da bakin kasuwa. Maigari ya ce madalla. Dattawa suka ce madalla. Aka ɗauki hoto. Da kwana 14 suka cika, suka hau mota, waɗansu har da kuka.

Ba wanda ya tambaya: wa zai riƙa ba itatuwan nan ruwa? Rijiyar garin tana da zurfi, mata suna jan guga tun asuba don ruwan sha kawai. Ba shinge, ga awaki sake. Kafin ruwan farko ya sauka, babu abin da ya rage sai ramuka. Mutanen garin sun san haka za a yi tun ranar farko. Kunyar baƙo ta hana su faɗi. Kuɗin jirgin mutum guda daga cikin yaran nan kuwa ya fi abin da manomi yake samu a gonarsa shekara guda.

A cikinsu akwai wata mace, malamar asibiti. Ita ba ta yi dashe ba. Ta zauna wurin ungozomar garin da ɗan littafi a hannu, tana tambaya tana rubutawa: yaya ake kiran wannan da Hausa, me kuke yi in jini ya ƙi tsayawa, da me kuke yanke cibiya? Ta nuna wa ungozoma wanke hannu da sabulu da amfani da sabuwar reza. Ita ma ungozoma ta nuna mata nata. Har yau matan garin suna kiran sunanta. Abin da ta bari bai nemi ban ruwa ba, kuma akuya ba ta iya cinye shi.

Wannan ya sa nake yawan tuna wani ɗan mishan da iyayenmu na jihar Maraɗi suka sani. Sunansa Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi karatun aikin gona. Ya zo da iyalinsa a 1981. A lokacin daji ya ƙare, iska tana binne shuka da rairayi, mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki. Shi ma da dashe ya fara. Ya raini itatuwa, ya kai ƙauyuka, ya dasa. Mafi yawansu suka mutu. Amma shi bai hau mota ya tafi ba. Ya zauna, ya koyi Hausa, ya sha rana tare da manoma.

Wata rana a 1983 yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen, sai ya gane ba ciyawa ba ce. Itace ne wanda aka sare, kututturen yana da rai, saiwa tana can ƙasa tana shan ruwa. Irinsa kuwa ga su nan cike da gonaki, kowace shekara ana sare su a ƙone lokacin sassabe. Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Dabarar kun san ta, ita ce sassaben zamani. Ka zaɓi kututture mai rai, na gawo ko kalgo ko sabara ko aduwa. Ka bar toho mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5, ka sare sauran. Ka rage rassan ƙasa da gatari mai kaifi. Ka ɗaura tsumma don kowa ya san yana da mai shi. Ba leda, ba ban ruwa, ba ko dala. Ba kuma sabon abu ba ne ƙwarai, don kakanninmu sun saba barin gawo a gona. Sun san yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne.

Da fari manoma kaɗan ne suka yarda, ana yi musu dariya. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona, a ƙauyuka wajen 100. Da abinci ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Ku lura da wannan. Abin da aka yi don buhun hatsi, da buhun yake ƙarewa. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta rage binne shuka, ga itacen girki, ga harawa, ga na kai wa kasuwa. Da, manomi yana jin tsoron tara in ya taɓa itace ko a gonarsa. Da ma'aikatan gandun daji suka yarda wanda ya raini itace ya amfana da shi, sai maƙwabci ya koya daga maƙwabci.

Tony ya koma ƙasarsu a 1999. Aikin bai bi shi ba, don ya riga ya zama na manoma. Daga baya masana suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba shi babbar kyauta a ƙasar Suwidin, shi da Yakuba Sawadogo, wani manomin Burkina Faso wanda ya raya ƙasa da ramukan tassa. Baƙo ya nuna kututture, amma hannuwan iyayenku ne suka raini itatuwan.

To, ƴan'uwa, ga abin da nake roƙon ku. In baƙi irin waɗannan suka zo garinku, ku yi musu shimfiɗa, ku ba su ruwa. Mutumin da ya bar uwarsa da ubansa ya zo ya sha zafinmu ya cancanci maraba. Amma kada madalla ta zama ita ce dukan maganarku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tara maza da mata kafin a fara aiki. Ku tambaye su: me za ku yi? Wa zai kula da shi bayan kun tafi? In ya lalace, a ina za mu samu kayan gyara, da kuɗin wa? Akwai magini ko maƙeri a garin nan da zai iya yin sa? In sun ce dashe za su yi, ku kuwa igiyar rijiya ce damuwarku, ku faɗa musu da ladabi. Baƙon kirki ba ya jin haushin gaskiya. Shi ma ba ya so wahalarsa ta tafi a banza.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta abin da aka yi alkawari, da sunan wanda ya ɗauki kowane aiki. A ajiye takardar wurin maigari.

Baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai tafi. Gona da rijiya da yara namu ne, mu za mu kwana da su. Allah ya ba mu baƙin alheri, ya kai mu damana lafiya. Amin.