Saƙin kakata a titin Aboabo

Da kakata ta rasu, abin da ya faɗo hannuna cikin kayanta shi ne zanen saƙi guda ɗaya, wanda aka ce mahaifinta ya zo da shi Kumasi daga Kano zamanin fataucin goro. Zare ne baƙi da fari, an sarƙa su ƙanana-ƙanana har ido ya ɗauka gashin zabo ne. Baƙin ma, idan an kai shi rana, sai a ga ashe shuɗi ne da ya sha baba ya ƙoshi. Shekara biyu yana kwance a ƙasan akwati, don na rasa rigar da zan ɗora masa.

Gab da sunan ɗan ƙanwata na shiga kasuwar Kejetia na yanko atamfa fara mai manyan ganyaye baƙaƙe. Mai ɗinkina ta yi jim, ta ce tufa biyu masu ado ba sa zama jiki ɗaya sai ɗaya ta yarda ta yi shiru. Na ce ai saƙi ba shi da surutu: daga nesa toka-toka yake, sai an matso ake ganin aikin masaƙi. Ganyaye a sama, ɗigo-ɗigo a ƙasa, ɗankwali baƙi wuluk. Na dubi madubi, abin ya kwanta mini.

Ban kai bakin titi ba, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Asante, ta yar da tsintsiya ta kama hannuwana tana tambayar wa muka rasa. A wurinsu baƙi da fari tufar jana'izar tsoho ce, wanda ya cika kwanakinsa ya bar jikoki. Na san haka sarai, a garin nan aka yanke mini cibiya, amma ɗokin zanen ya mantar da ni. Gabana ya faɗi: in shiga gidan suna da kayan makoki, ga baƙin mijin ƙanwata rabinsu 'yan gari ne?

Na ce, "Maame, suna za ni. Zanen kakata ne." Ta shafa shi, ta daɗe ba ta ce komai ba, don ta san tsohuwar, shekara da shekaru suna gaisawa ta kan katanga. Daga nan ta gyara mini bakin ɗaurin, ta ce in wuce kada in makara.

A gidan sunan mutum biyu sun ƙara yi mini ta'aziyya. Wata gwaggonmu kuwa ta jawo ni gefe, ta juya bakin zanen tana ƙirga layukan da aka harhaɗa, ta ce wa ya ba ni izinin ɗaura shi ba ta sani ba.