Man Fitilar Mai Jira

A ranar 22 ga Oktoba 1844, dubban mabiyan William Miller a Amurka suka yini suna duban sama, sun sakankance a ranar Almasihu zai komo. Gari ya waye bai zo ba. Na daɗe ina nazarin lamarinsu. Bangaskiya kam suna da ita, sai dai sun so su riƙe lissafin da Allah ya bar wa kansa.

Linjilar Matiyu, sura 25, ta kawo misalin ƴammata goma masu jiran ango. Dukansu sun yi barci, biyar kaɗai suka yi tanadin man fitila, kuma ba wadda ta san sa'ar zuwansa.

A ganina, man nan tawali'u ne. Manominmu mai shukar binne ya san haka: yana zuba iri cikin busasshiyar ƙasa, alhali bai isa ya sa wa hadari rana ba. Haka ya kamaci Kirista: ya ciyar da mayunwaci, ya sauki baƙo, ya duba marar lafiya da ɗan kurkuku, domin da su surar ta ce za a auna mu. Shi da ya wanke ƙafafun almajiransa, bari ya iske mu a bakin irin wannan aiki.